Amsoshin Wasiƙunku: Sabar Ƙungiyarmu Tana Kashe Kanta, Mu Kwance Ta?

Wannan tambaya ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Funtuwa, magatakardan wata ƙungiyar manoma. Ya ce babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafin taki da bashin 'yan ƙungiya, wadda ake kira saba, ta fara kuka tana kashe kanta, kuma wani mai gyaran rediyo ya ce a ba shi ya kwance ta. Shin a ba shi?

To Malam, a dakata tukuna. Ita saba uwa ce, daga gare ta sauran kwamfutocin ofis ke ɗebo bayani. Ƙarfenta in ya lalace ana sayen wani, amma lissafin wa ya biya, wa ake bi, in ya salwanta sai rigima. Don haka in dai tana tashi, ko na minti goma ne, a fara kwafe bayanan zuwa wata ma'ajiya daban.

Daga nan a bincika da ido da kunne. 'Yan fitilun gabanta, kore yana nuna lafiya, ruwan goro ko ja kuwa akwai matsala. A ƙirga kukan da take yi a rubuta, littafinta ya faɗi ma'anar kowanne. Sau da yawa zafi ne ke sa ta kashe kanta, ko ƙura ta toshe kafofin iska, ko wata fanka ta tsaya. Masana sun fi son ɗakinta ya tsaya tsakanin digiri 18 da 27, alhali a watan Afrilu zafin Arewa kan haura 40. A kuma duba waya da soket da batirin ajiyar wuta, don wani lokaci laifin nasu ne.

In buɗewa ta zama dole, a kashe ta, a zare wayar wuta daga bango. A lura fa, yawancinsu wayoyi biyu gare su, ka zare ɗaya ɗayar tana nan da wuta. A cire zobe da agogo. Amma akwatin nan da wayar wuta ke shiga cikinsa, kada kowa ya kwance shi. Yana riƙe caji ko bayan an zare waya, kuma yana iya kisa. Sabo ake sakewa ɗungurungum.

Kun san tartsatsin nan da ke tashi in mutum ya tuɓe riga da hunturu? Kai ba ya yi maka komai, amma ya isa ya ƙona kayan cikin saba. Sai ka taɓa ƙarfen jikinta kafin ka sa hannu ciki, ka riƙe kowane allo ta gefensa. Ƙura kuma da abin hura iska ake kore ta, ban da jiƙaƙƙen tsumma.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen fayafayan ajiya. Galibi haɗa su ake yi ta yadda in ɗaya ya mutu sauran za su riƙe bayanin. To a wasu haɗin, in aka yi kuskure aka zare mai lafiya aka bar mataccen, lissafin na iya tafiya gaba ɗaya. A sa wa kowanne lamba, a zare wanda fitilarsa ta nuna kaɗai. Abu ɗaya ake canjawa, a gwada, sannan a taɓa na gaba.

In kuwa aka ji ƙauri ko aka ga hayaƙi, a katse wuta nan take, kada a watsa ruwa, a nemo injiniyan da ya san saba. Shi kuwa mai gyaran rediyo, ya taimaka da duba soket da fankar ɗaki, Malam.