Doka za ta hana Gwaggo shuka guro a bayan ɗaki?

Da na je gida Bukkuyum da daminar bara, na tarar da Gwaggo tsugune a bayan ɗakinta tana cirar ciyawa a 'yar garkarta. Garkar ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Ga guro, ga sure, ga alayyafo layi biyu, kabewa ta haye danga tana leƙen gidan maƙwabta, sai zogale uku da suka girme wasu daga cikin jikokinta. Ruwan alwala da na wanke-wanke duk can yake gangarawa. Bayan mun gaisa ta ɗago kai ta ce, "Kai ɗan nan, ku da kuka yi boko, wai gaskiya ne gwamnati za ta hana shuka kayan miya cikin gida sai da takarda?" Na ce, "Gwaggo, wa ya gaya miki?" Ta ce jikanta ne ya kunna mata wani saƙon murya a waya.

Wannan jita-jita ta girme wayar da aka ji ta a ciki, kuma baƙuwa ce, daga Amurka ta taso. A 2009 wata 'yar majalisa mai suna Rosa DeLauro ta gabatar da ƙudurin tsaftace abinci, nan da nan intanet ta ɗauka wai za a kama duk mai tumatir a bayan gida. Ƙudurin nata ko fita daga kwamiti bai yi ba. Dokar da aka yi daga baya, wadda Barack Obama ya sa wa hannu ranar 4 ga Janairun 2011, ta biyo bayan cututtukan da mutane suka kwasa daga niƙaƙƙiyar gyaɗa da ƙwan manyan kamfanoni. Ƙa'idojinta sun cire abin da mutum ya shuka don cin gidansa, sun kuma cire manomin da cinikin kayan lambunsa bai kai dala 25,000 a shekara ba. Inda aka taɓa tumɓuke wa mutane lambu a can, dokar tsara unguwa ce ta yi aikin. A garin Miami Shores an sa wasu ma'aurata sun cire lambun da suka shekara 17 suna reno a ƙofar gida, wai yana ɓata wa layi kyan gani, har sai da jihar Fulorida ta yi doka a 2019 ta hana irin wannan.

A nan gida ma amsar a taƙaice ita ce a'a. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, huruminta abin da aka sarrafa ne, aka ƙunshe, aka shigo da shi ko aka kasa shi don sayarwa. Tsarin mulkin 1999 ya bai wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, da mahauta, da gidajen abinci, da gidajen burodi. Dubagari, wanda iyayenmu suka sani tun zamanin Turawa yana leƙa randa, tsabtar gida yake dubawa, da kwatami da shadda. Dokar abinci tana farawa ne daga inda ka miƙa wa wani ka karɓi kuɗi. Gwamnati ma roƙon mutane take yi su shuka, don a 2024 uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, gasa ta sa wa mata a kan lambun gida.

Wuri ɗaya da hannun doka yake kaiwa garka shi ne kwalbar maganin feshi. A 2015 Tarayyar Turai ta daina karɓar waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa, irin sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da shaguna. Ni kam ban ga laifin wannan ba. Wanda ya fesa wa alayyafo magani da yamma ya yanke shi da safe ya kai kasuwa, ai ba lambunsa kaɗai ya taɓa ba. A jikin kowace kwalba ta kirki an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ɗiba, sai dai su nawa ne ke karantawa?

Amma mu mutanen Bukkuyum da Anka da Gummi, akwai abin da ya fi doka ikon hana mu cin ganyen bayan ɗaki, wato ƙasar da aka shuka shi a kai.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa a ƙauyukanmu fiye da ƙima. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai suma. An zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, magani ya ƙi ci. Da aka gwada jini sai ga gubar dalma. Farashin zinare ya tashi a lokacin, maza suna haƙo dutse a daji su kawo gida, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa dawa, a shanya garin a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Dutsen kuwa cike yake da dalma. A 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum da Dareta ta ƙasar Anka, binciken hukumar CDC ta Amurka ya ƙirga yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 daga cikinsu sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, Bagega, duk ta shiga. Yaran da aka rasa sun haura 400, dubbai kuma aka yi musu maganin wanke jini. A wasu wuraren dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin don filin wasan yara 400 ne.

Maganin da aka yi wa gidajen shi ne aka kankare saman ƙasa da fartanya da shebur, aka ɗure a buhuna aka binne a ramuka nesa da gari, aka kawo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa. Bagega sai 2013 aka yi mata, bayan an sha fama kafin Abuja ta saki kuɗi. Dalili kuwa, dalma ba ta ruɓewa. Rana ba ta kashe ta, ruwan sama ba ya wanke ta, tafasa miya ba ta rage ta. Inda ta zuba, tana nan har jikokin jikoki sai an kwashe.

To, ya abin yake ga mai garka? Saiwa ba ta cika jan dalma ta kai ta cikin 'ya'ya ba, saboda haka tumatir da tattasai da guro sun fi sauƙi. Haɗarin ya fi yawa a ganye na kusa da ƙasa, irin alayyafo da sure da rama da lalo, domin ruwan sama yana fantsama musu ƙasa, iska kuma tana ɗora musu ƙura. Haka abin da ke binne, kamar karas da dankali, ƙasa na maƙale wa bawonsu. Ma'aunin duniya na ganyen miya bai yarda dalma ta wuce miligiram 0.3 a kilo guda ba, abin da ido ba ya gani. Masu binciken da suka bi abincin ƙauyukan nan sun gano yawancin dalmar bayan girbi take shiga, wajen sussuka da shanya da daka da niƙa. Kukar da aka baza a ƙasa ta bushe tana iya kwasar abin da bishiyar ba ta taɓa sha ba.

Na tambayi Gwaggo ko an taɓa dakan dutse a gidan. Ta ce Allah ya kiyaye, ko sau ɗaya. Na ce to takin fa? Ta nuna mini kwando, ta ce daga jujin bayan gari yara ke ɗebo mata. Na tona da kara, sai ga fasasshen batirin tocila, ga leda, ga guntun buhu. Juji ba ya tambayar abin da aka zuba masa, matattun batura da toka da sharar gidan kowa duk nan suke haɗuwa. Na ce, "Gwaggo, ki bar wannan, ga kashin awakinki nan a turke, ya ishe ki." Takin dabbobi ma yana riƙe dalma ya rage abin da shuka ke ja.

Saboda haka idan da doka za ta shigo garka a yankinmu, ni zan tarbe ta da shimfiɗa, muddin da na'urar gwaji ta zo. A lokacin aikin kwashe ƙasa an yi amfani da wata 'yar na'ura ta hannu, a ɗora ta a ƙasa ta faɗi yawan dalma cikin ɗan lokaci. MSF ta miƙa aikinta ga gwamnatin jihar Zamfara a 2022. Haramcin haƙar ma'adinai da aka sa a Zamfara a 2019 an ɗage shi a Disambar 2024, dama can haƙar ba ta tsaya ba. Ga kuma 'yan bindiga sun raba mutane da gonakin nesa, har garkar bayan ɗaki ta zama rumbun miya na gidaje da yawa. Ya kamata a ce kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin nan uku, Bukkuyum da Anka da Gummi, tana da irin wannan na'ura da ma'aikacin da ya iya ta, mai gida ya kai ƙasar garkarsa a kofi a duba masa kyauta.

Kafin a kai ga haka, idan ka san an taɓa daka ko niƙa ko shanya dutsen zinare a gidanku ko maƙwabta, kada ka shuka ganye a ƙasar wurin. Samo ƙasa daga inda ba a taɓa aikin dutse ba, ka haɗa da takin turke, ka zuba a buhun da bai taɓa ɗaukar dutse ba, ka shuka a ciki. A yar da ganyen da ke taɓa ƙasa, a wanke sauran sau biyu ko uku, a fere abin da aka tono. Kuka da guro a shanya su a tabarma bisa rumfa. Yaron da ya taya ki ban ruwa, uwar gida, ki wanke masa hannu da sabulu kafin ya sa a kwano.