Motsa Jiki ga Mai Ciwon Zuciya: Misali daga Ƙasar Ruma

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana matsayin motsa jiki ga mai ciwon zuciya, tare da ɗaukar ƙasar Ruma, watau Batsari da Safana, a matsayin misali. Ciwon zuciyar da ake nufi a nan ba baƙin ciki ba ne, kamar yadda Bahaushe kan yi amfani da kalmar. Ana nufin raunin tsokar zuciya ko toshewar jijiyoyinta, wanda galibi hawan jini kan haddasa.

Kwanciya da dauriya

Idan aka dubi harshen Hausa, za a ga ya haɗa ciwo da kwanciya. Akan ce wane "yana kwance", in ya warke kuma a ce "ya miƙe". Saboda haka da zarar an ce dattijo yana da ciwon zuciya, sai iyalinsa su shimfiɗa masa tabarma, su hana shi ko da zuwa masallaci. A ɗaya gefen kuma akwai dauriya. Rumawa, jikokin su Ɗanwaire, mutane ne masu alfahari da jarumtaka, manominsu kuwa yakan ɓoye haki ya ci gaba da huɗa da faskare. Hanyoyin nan biyu duk suna da illa. Har ila yau, rashin tsaro a kewayen Dajin Rugu ya raba manoma da yawa da gonakinsu, suka koma cikin gari suna wuni a zaune.

Abin da bincike ya nuna

Likitocin Turai da Amurka ma sun daɗe suna kwantar da wanda zuciyarsa ta buga har mako 6. A 1952 Levine da Lown, a birnin Boston, suka nuna cewa zaunar da majinyaci a kujera ya fi masa amfani. A 1953 Morris ya gano cewa kwandastocin motocin Landan, masu hawa da sauka, ciwon bai kama su kamar direbobi ba. A 1966 kuma aka kwantar da samari 5 lafiyayyu a Dallas na mako 3, ƙarfin zuciyarsu ya ragu ƙwarai. Dalili shi ne zuciya tsoka ce, in ba ta aiki sai ta yi rauni, jini kuma ya riƙa daskarewa a jijiyoyin ƙafa. Ashe karin maganar nan, motsi ya fi laɓewa, tana da tushe a likitance.

Yadda za a yi

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar matsakaicin motsi na minti 150 zuwa 300 a mako. Mai ciwon zuciya zai fara ne bayan likita ya duba shi, alal misali a Babban Asibitin Batsari ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ya soma da tafiyar minti 5 ko 10, yana ƙarawa a hankali, bayan asuba ko bayan la'asar, musamman da bazara. Ma'auninsa shi ne ya iya hira da abokin tafiyarsa ba tare da numfashi ya yanke masa ba. In ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko haki mai tsanani, ko ya ga ƙafafunsa sun kumbura, sai ya dakata ya nemi asibiti.

Akwai togaciya game da mai jego. A 1978 Davidson da Parry, na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun bayyana raunin zuciya da kan kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Wadda wannan ya same ta hutu da magani take bukata tukuna, daka da ɗiban ruwa su jira izinin likita.

Kammalawa

A taƙaice, aikin iyali ba tsare majinyaci a kan tabarma ba ne. Su raka shi masallaci da kasuwa a ƙafa, su ɗauke masa gatari da buhu, su kuma tabbatar yana shan maganinsa a kan kari.