Jirgin Sama Ƙirar Gida

A Amurka akwai masu sha'awa da ke sayen sassan ƙaramin jirgin sama su harhaɗa a gida, hukuma ta duba, sa'an nan su tashi. Wani irinsa, watau RV-6A, shi aka sake wa fasali a Kaduna, aka kira shi Air Beetle, mayaƙan samanmu suka koyi tuƙi da shi. A 2007 kuma wani ɗalibi a Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota.

To, malamai, yaron Gayam mai ƙera jirgi da karan dawa, kada mu kwaɓe shi. Mu koya masa awo da lissafi da natsuwa, gama noti in ya kwance a sama, babu gefen hanyar da za a tsaya a ɗaure shi.