Samarin Zamani da Gidajen da Suka Fito

Duk inda dattawa suka zauna a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar, da wuya hira ta yi nisa ba ta gangaro kan yaran zamani ba, wannan ya ce kunya ta ƙaura, wancan ya ce haƙuri ya yi ƙaranci, wani kuma ya rantse cewa son kuɗi ya shiga jinin samari tun ba su san wahalar nemansa ba. Ban zo musanta abin da idon manya ya gani ba, domin abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Sai dai na daɗe ina lura cewa wannan kalma ta "yaran zamani" ta zama kamar buhun da ake zuba gero da dawa da maiwa a ɗaure baki a kira su hatsi, alhali kuwa kowane da gonar da ya fito. A cikin birnin Kano kaɗai, saurayin da direba ke kai wa makaranta daga unguwar Nassarawa, da wanda ke tuƙa adaidaita sahu tsakanin Kurna da Bata, da gardin da ya baro ƙauyensu da allo da buzu, shekarunsu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, amma abin da kowannensu ke tsammani daga gobe ya sha bamban, kuma a nan ne asalin bambancin ɗabi'unsu yake.

Rabuwar mutane hawa-hawa ba baƙon al'amari ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin da, akwai masu sarauta, akwai malamai, akwai attajirai, akwai masu sana'ar gado irin su maƙera da majema da marina da wanzamai, sa'an nan ga talakawa waɗanda haraji da jangali da aikin tilas ke sauka a kansu. Da a ce babu zalunci a cikin wancan tsari, da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ba ta sami kunnen talakawa ba, da kuma sunan Malam Aminu Kano bai zauna a zukatansu har yau ba. Saboda haka kada mai karatu ya ɗauka ina kukan wani zamani ne da ba shi da aibi. Abin da nake so a lura da shi shi ne, tare da dukan illolinsa, wancan zamani yana da abubuwa biyu da suka riƙe tarbiyyar samari, wato kusanci tsakanin mai shi da marar shi, da kuma tsanin da na ƙasa ke takawa ya hau.

Game da kusanci, attajirin da yana zaune ne a lungu ɗaya da mai faskare, zaurensa a buɗe, in an fito da akushin tuwon dare maƙwabta da baƙi da almajirai su sa hannu. Ɗansa kuwa da ɗan mai faskaren nan makarantar allo ɗaya suke zuwa, bulalar malam ɗaya ke sauka a bayansu, tare suke langa a dandali, tare suke tashe da azumi. Tsani na farko kuwa shi ne, in yaro ya tasa ba shi da jari, sai ya kama ubangida, ya bi shi fataucin goro ko awon gyaɗa, ya yi masa hidima da amana shekara da shekaru, har ranar da ubangidan zai yi masa aure, ya yanka masa jari, ya ce je ka ka tsaya da ƙafarka. Manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da irin waɗannan yara da wakilai suka shimfiɗa harkokinsu, kuma gidaje da yawa sun tashi ta wannan hanya. Saurayin da ya ga haka da idonsa ba ya bukatar dogon wa'azi kafin ya yi ladabi da haƙuri, gama ya ga inda ladabi da haƙuri suka kai wanda ya gabace shi.

Tsani na biyu shi ne ilmin boko, wanda ko da yake an fara shi da 'ya'yan sarakuna da na malamai sa'ad da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, bai daɗe ba ya zama hanyar da ɗan kowa ke bi. A Kwalejin Katsina, Ahmadu Bello, jinin Shehu Usmanu, ya yi zamani da Abubakar Tafawa Balewa, wanda bai fito daga gidan mulki ba, ga shi kuwa shi ne ya zama Firayim Minista. A 1976 aka buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowane yaro, kuma a waɗannan shekaru masana'antun Bompai da Sharaɗa da masaƙun Kakuri a Kaduna suna ɗaukar dubban ma'aikata, har wanda bai yi karatu mai zurfi ba yana da albashin da zai riƙe iyali. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta zube, rashin wutar lantarki da kwararowar atamfar waje suka rufe masana'antun ɗaya bayan ɗaya, makarantun gwamnati suka cika suka batse ba kujera ba littafi, masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, suka kuma ƙaura zuwa sababbin unguwanni masu dogayen katangu da maigadi a ƙofa. Daga nan ne samarinmu suka fara tasowa a duniyoyi dabam-dabam.

Ɗan masu hali na yau yana da kyawawan halaye da bai kamata a tauye masa ba: yana da ƙarfin zuciyar faɗin ra'ayinsa a gaban kowa, yana da dogon buri, yana iya shirya abin da zai yi nan da shekara goma, domin bai taɓa kwana da tunanin abin karin kumallo ba, kuma ya san in ya faɗi akwai hannun da zai tare shi. Amma da yake daga gida sai mota, daga mota sai makaranta, daga nan kuma sai Ingila ko Masar ko Malesiya, yakan girma bai san sunan maƙwabcinsa ba, bai san talaka ba sai a matsayin direba ko mai wanki ko mai miƙo hannu a bakin danja, har ya kai ga zaton cewa talauci lalaci ne, arziki kuwa wayo ne, ya manta cewa duka biyun jarrabawa ce. Kuma katanga ba ta hana shaiɗan shiga. Sa'ad da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, bayan rahoton da BBC ta yi a kansa, kowa ya san cewa kwalaben nan ba a bayan kasuwa kaɗai ake tsintarsu ba, har da ɗakunan samari da 'yan matan manyan gidaje waɗanda aka wadata da komai aka hana su lokacin iyaye.

Na tsakiya, wato ɗan malamin makaranta ko ɗan ƙaramin ma'aikaci, shi ne a ganina ya fi kowa ɗaukar takaici, domin shi aka yi wa alkawari. An ce masa ya yi karatu zai huta, ya yi. Ya jure yajin aikin malaman jami'a, irin na 2022 da ya cinye wata takwas cur. Ya yi hidimar ƙasa ya dawo da takardunsa a cikin jaka, sai ya tarar ana cewa aiki sai da hanya, yana kuma kallon wanda ya fi shi rauni a aji ya sami kujera saboda sunan mahaifinsa. Yau za ka same shi a ƙarƙashin lema yana cire wa mutane kuɗi da na'ura, ko yana gyaran waya, ko yana zaune a majalisa wajen mai shayi ana kiransa mai zaman kashe wando. Shi ne mai zafin alƙalami a Facebook, shi ne ba ya gaskata kowane shugaba, wani lokaci har ba ya raga wa malami ko basarake. An yi doka a 2018 da ta rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25, amma da zaɓe ya matso a 2022 jam'iyya mai mulki ta sa wa takardar neman wannan kujera naira miliyan 10. Wanda ya ga haka, in ya rasa kyakkyawan zato, wajibi ne mu tambayi kanmu wa ya koya masa mummuna.

Ɗan talaka kuwa lissafinsa bai wuce na yini ɗaya ba. In direban adaidaita ne, irin waɗanda suka cika titunan Kano tun da aka hana acaɓa a 2013, sai ya fara haɗa balas ɗin mai keke, ya cire kuɗin mai, kafin ya san abin da zai kai gida. In ɗan dako ne a Singa ko Dawanau, ko mai ga-ruwa, ko ɗan bola-jari, ranar da ciwo ya kwantar da shi ranar tukunya ba ta hau murhu ba. Gaggawar da ake zarginsa da ita da saurin fushinsa a kan titi, 'ya'yan hannu-baka-hannu-ƙwarya ne. Daga cikin irinsa ne 'yan siyasa ke ɗibar 'yan jagaliya, su ba su ƙwaya da gora da 'yan kuɗin kashewa, in zaɓe ya wuce su watsar, su kuma su koma daba da ƙwacen waya. Amma adalci ya tilasta a faɗi cewa waɗannan 'yan kaɗan ne. Mafi yawa suna ciyar da tsofaffin iyaye da ƙanne daga guminsu, suna da tausayi da taimakon juna da ba a cika samu a manyan unguwanni ba. Ƙanwar ɗan talakan nan tana ɗauke da farantin talla ko tana aikatau a gidan da sa'arta ke shirin jarrabawar shiga jami'a. A ƙasan kowa kuma ga almajiri, wanda a da gari ke ɗaukar nauyinsa don girmama Alƙur'ani, amma a 2020, lokacin annobar korona, aka loda irinsa a manyan motoci ana mayarwa jihohinsu kamar kayan da ba mai so.

Abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne, a daidai lokacin da katanga ta yi tsawo, sai taga ta buɗe. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, har ya zama samari da yawa suna da intanet a aljihu, yaron da ba zai taɓa taka zauren attajiri ba yana kallon bikin 'yarsa tun daga kamu har buɗar kai, yana ƙirga akwatunan lefe da motoci da sunayen bukukuwan da iyayenmu ba su san su ba, shi kuwa ya haura shekara talatin ya kasa haɗa sadaki da kuɗin hayar ɗaki. A da talaka yana ganin arzikin maƙwabcinsa yana kuma cin rabonsa a ciki. Yau yana gani ne kawai. Riya daga sama ita ke haifar da hassada daga ƙasa, kuma ƙana'a, wadda malamai suka ce taska ce, tana da wuyar koyarwa ga wanda ake nuna wa abin da ba zai samu ba dare da rana.

An ga sakamakon haka a fili bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, sa'ad da tsadar abinci ta kai ga zanga-zangar farkon Agusta 2024. Masu ilmi ne suka yi ta rubutu suna kira, 'ya'yan masu hali suka kalli abin ta waya daga cikin gida, waɗanda suka cika tituna a Kano da Kaduna kuwa, har wasu suka fasa wurare suka kwashi kaya, galibinsu yara ne da ba su da abin da za su rasa. Da aka gurfanar da wasunsu a kotu a Abuja cikin watan Nuwamba, ƙasa duka ta ga ƙananan yara ramammu suna faɗuwa a sume, har Shugaban Ƙasa ya ba da umarni a sake su. Ɓarna ɓarna ce, ba ta da uzuri a shari'a ko a al'ada; amma wanda ya dubi fuskokin yaran nan ya san cewa tun kafin su aikata laifi an riga an yi musu.

Ba ina cewa gida shi ne ƙaddarar hali ba, gama mun ga ɗan attajiri mai tawali'u, mun ga maraya da ya tashi a kango ya zama abin koyi, kuma kowane baligi zai amsa tambayar aikinsa shi kaɗai ranar hisabi. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hisabin wanda aka ba wa da yawa ya fi na wanda aka ba wa kaɗan nauyi. In muna son samari masu haƙuri, sai mu mayar da haƙuri abin da ke da riba: a gyara makarantar gwamnati har kwamishina ya yarda ya kai ɗansa, a ba da aiki bisa cancanta, a fitar da zakka ta zama jari maimakon layin rabon 'yan kuɗi a ƙofar gida, a raya wakafi, ɗan kasuwar Kantin Kwari ya riƙe yaron shagonsa yadda aka riƙe kakansa har ya sallame shi da abin kafa kansa. Mai hali kuma ya kama hannun ɗansa ya kai shi ta'aziyya da dubiya a unguwar da kakanninsa suka fito, ya zauna a kan tabarma, ya ci tuwo da waɗanda ya saba hangowa ta gilashin mota. Dattijon da ya yi haka, in ya zauna a ƙofar masallaci ya yi wa yaran zamani faɗa, za su sunkuyar da kai su saurare shi.