Ƙwayoyin T da Neman Rigakafin Zazzaɓin Cizon Sauro

Ƙwayar cutar maleriya, musamman Plasmodium falciparum da ta fi kisa a Afirka, ba ta zama da kama ɗaya a jikin mutum. Sauro na zuba ta cikin fata, ta bi jini zuwa hanta, ta yi kamar mako guda tana hayayyafa, mutum bai ji komai ba. Sai ta fantsama cikin jajayen ƙwayoyin jini sannan zazzaɓi ya tashi. A kowane zango, furotin ɗin da garkuwar jiki ke gane ta da shi yakan sauya.

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai ƙwayoyin T. Nau'in CD4 ke zaburar da sauran dakarun garkuwa, har da masu sarrafa sinadaran kariya da ke yawo cikin jini. Nau'in CD8 kuwa kisa ne aikinsu. Ƙwayar hanta da cutar ta shiga takan ɗaga gutsuren furotin ɗin baƙuwar a bayanta, bisa wani ma'ɗauki da ake kira HLA. Da CD8 ta gani sai ta halaka ta da abin da ke cikinta. Jajayen ƙwayoyin jini da suka nuna ba su da wannan ma'ɗauki, don haka a hanta CD8 ke da damar cin ƙarfin cutar, kuma damar 'yan kwanaki ce.

A 1991 binciken Adrian Hill da abokan aikinsa a Gambiya ya nuna yaran da suka gaji HLA-B53 ba su cika faɗawa maleriya mai tsanani ba. A Burkina Faso kuma an ga Fulani sun fi maƙwabtansu jure cutar, an kuma alaƙanta hakan da raunin wasu ƙwayoyin T masu taka wa garkuwa birki. Duk da haka, kariyar da jiki ke samu da kansa tana zuwa ne bayan shekaru ana kamuwa, ba ta cika, kuma tana raguwa idan mutum ya daɗe da barin yankin. Ƙananan yara ne ke mutuwa kafin su kai gare ta.

Tun 1967 Ruth Nussenzweig ta kare ɓeraye da ƙwayoyin cutar da aka raunana da tururin radiyeshan, daga baya aka gano rawar CD8 a wannan kariya. Amma alluran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, RTS,S a 2021 da R21 a 2023, furotin ɗaya na ƙwayar cutar suka nufa, wato CSP, kuma sun fi dogara da sinadaran kariya na jini, waɗanda ke ja da baya, shi ya sa ake ƙara allura ta huɗu. Najeriya ta fara ba yara R21 a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Masu bincike na ci gaba da gwada alluran da za su girke ƙwayoyin CD8 a cikin hantar kanta, su jira isowar cutar.