Abuja ta cika ido, amma ina Plaza da Orion da Eldorado?

A lokutan hutun sallah da na ƙarshen shekara, Abuja kan karɓi baƙi masu yawa daga Kano da Kaduna da Jos da sauran biranen ƙasar nan, waɗanda suka zo ziyarar 'yan uwa, kuma ba kasafai suke komawa gida ba sai an zagaya da su gari. Hanyar zagayen kusan ɗaya ce ga kowa. Wanda ya biyo ta Kaduna, tun kafin ya shigo birnin zai yi ido biyu da Dutsen Zuma a kusa da Madalla, dutsen da hotonsa ke kan tsohuwar takardar naira 100, ko da yake a ƙasar Jihar Neja yake zaune. Daga nan sai Babbar Ƙofar Birni da filin wasa na ƙasa da aka gina domin wasannin Afirka na 2003, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Moshood Abiola. A tsakiyar gari kuwa akwai Masallacin Ƙasa mai ƙubba ruwan zinare da hasumiya huɗu, ga Cocin Ƙasa ba nisa da shi, sai Dandalin Eagle da harabar Majalisar Tarayya, Dutsen Aso kuma na tsaye a bayansu.

Masu iyali sun fi karkata zuwa lambun shaƙatawa na Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamban 2003 lokacin taron ƙasashen renon Ingila. Masu ƙarfin zuciya kan miƙa har ƙauyen Ushafa, inda mata ke ginin tukwane, wurin da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a 2000. In yamma ta yi, zagayen kan ƙare a bakin Tafkin Jabi da katafaren kantin da ke gefensa, inda yara kan matsa sai an shiga sinima.

A nan ne hirar manya kan sauya. Wanda ya haura shekara 50, ya taso a Fagge ko Sabon Gari, idan ya tsaya gaban tagar sayar da tikiti ya ji kuɗin kujera ɗaya ya kai dubban naira, abin da ke faɗo masa shi ne Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba. Ba tsadar ce kaɗai ke taso da zancen ba. Gidajen da yake tunawa ba su nan, kuma babu wani wuri a babban birnin ƙasar da zai kai ɗansa ya nuna masa yadda suke.

Dalili na farko yana cikin shekarun birnin kansa. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa Babban Birnin Tarayya da doka ta 6 ta 1976, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An kammala tsarin birnin a 1979, masanin gine-gine ɗan ƙasar Japan Kenzo Tange kuma ya zana tsakiyarsa. Sai ranar 12 ga Disamban 1991 Janar Ibrahim Babangida ya taso da fadar gwamnati daga Legas. Hatta sunan ma aro ne: na tsohon garin Abuja ne, wanda ya koma Suleja. A lokacin da ma'aikata suka fara tarewa a Garki da Wuse, kaset ɗin bidiyo ya riga ya shiga gidaje, tsofaffin gidajen sinima kuma sun kama hanyar mutuwa. Saboda haka Abuja ba ta gaji wannan al'ada ba. Sinimar da ta sani ita ce ta cikin manyan kantuna, irin wadda kamfanin Silverbird ya fara buɗewa a Legas a 2004, daga baya ya kawo ta Abuja.

Tarihin da ya rigayi wannan kuwa mai tsawo ne. A watan Agustan 1903 aka fara nuna fim a Najeriya, a zauren Glover da ke Legas. A Arewa, abin da talakawa suka fara sani shi ne majigi, wato motar gwamnati da ke bin garuruwa da dare tana haska hoto a ƙofar fadar sarki ko ta hakimi, ana koyar da tsabta da noma da biyan haraji. Fim ɗin Baban Larai, wanda dattawa ke ambato har yau, daga cikin irin waɗannan yake. Kallon majigi kyauta ne, kuma da yardar hukuma ake yinsa, don haka yara da manya duk suna halarta ba tare da jin kunya ba.

Sinimar kuɗi daban take. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka kafa mafi yawanta, kuma a wajen ganuwa suka fara. An buɗe Rex a Kano a 1937, wasu suka biyo baya a Sabon Gari da Fagge, unguwannin baƙi, inda ikon malamai da na iyaye bai kai na cikin birni ƙarfi ba. Tun farko mutanen birni sun yi wa abin kallon tuhuma, har wasu suka laƙaba masa dodon bango. Tuhumar ta ƙaru ranar 13 ga Mayun 1951, da gobara ta tashi daga faifan fim a gidan sinimar El-Duniya, ta hallaka mutum 331 daga cikin kimanin 600 da ke ciki. Faifan wancan zamani da sinadari mai saurin kama wuta ake yinsa, amma a bakin mutane da yawa fassarar ita ce fushin Allah ne ya sauka a kan masu kallo. Shekara ɗaya bayan haka aka buɗe Palace a Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi, wadda ita ce ta farko a cikin ganuwa, aka kuwa sha ce-ce-ku-ce.

Duk da haka jama'a ba su fasa zuwa ba. Galibin gidajen ba su da rufi: katanga ce doguwa, da farin bango a gaba, da ɗakin na'ura a baya. Wannan ya sa ba a fara nuni sai duhu ya yi, da damina kuma kallo na hannun hadari. Kujerun sun kasu bisa aljihu, benci a gaba ga mai ƙaramin ƙarfi, kujera a baya ga mai hali. A ƙofa kuwa kasuwa ce sosai, ga mai tsire, ga mai shayi, ga mai rake, ga mai gadin kekuna. Ana nuna na kaboyi daga Amurka da na faɗa daga Hongkong, musamman bayan da Bruce Lee ya yi tashe, amma fim ɗin Indiya ne ya ci galibin dararen mako.

Abin lura shi ne masu kallon ba sa jin Indiyanci, sau da yawa kuma babu fassara. Labarin ne suka gane: auren dole, da adawar uwar miji, da talaka mai son 'yar mai kuɗi, da kunya tsakanin saurayi da budurwa, abubuwan da ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Fim ɗin Mother India na 1957 ya shafe shekaru ana maimaita shi yana cika gida. 'Yan kallo suka raɗa wa taurari sunayen Hausa, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Wanda ya kalli fim sau biyar shi ke zama tafinta a benci, yana gaya wa na kusa da shi abin da zai faru kafin ya faru. Daga wannan makaranta ce waƙa da rawar fina-finan Hausa suka fito, ko masu suka sun so ko ba su so ba.

Sai dai masu kewa kan tsallake wani ɓangare. Sinimar wancan zamani wurin maza ce. Matar aure ko budurwar gidan mutunci ba ta zuwa, wadda aka gani a can kuwa sunanta ya ɓaci. Akwai hayaƙin taba da na wiwi, akwai 'yan daba da masu yankan aljihu, yara da dama kuma sun sha bulala saboda an ji labarin sun tsallake katanga sun tafi kallo. Rabin al'umma ke nan ba su da abin da za su yi kewa. Abin da ba a iya musantawa shi ne arharta: ɗan dako da ɗan makaranta da ma'aikacin gwamnati duk suna iya biya, su kalli abu ɗaya a dare ɗaya, gobe kuma hirar gari ke nan.

Mutuwar gidajen ba rana ɗaya ta zo ba. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa baƙi sun sayar da gidajen sinima, amma hanyar samo fim daga waje ba ta zo wa sababbin masu gidajen da sauƙi ba. Gidajen talabijin suka yawaita a jihohi. Bayan 1986, da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sayen faifan fim da kayan gyaran na'ura da kuɗin waje ya gagara. A daidai lokacin ne bidiyo ya ba kowa damar kallo a ɗakinsa, har da matan da sinima ta haramta gare su. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, Living in Bondage ya fito a Legas a 1992, kasuwar fim ta koma ta kaset. Fargabar fita da dare ta ƙara rage jama'a. Da aka fara aiwatar da shari'ar Musulunci a wasu jihohin Arewa, Zamfara ta rufe gidajen sinima, Kano kuma ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000 kafin ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001.

Filayen kuwa a tsakiyar kasuwanci suke, kuma sun fi abin da ake nunawa a cikinsu daraja. A Legas da dama sun koma coci-coci da ɗakunan ajiyar kaya, a Arewa sun koma rukunin shaguna. Palace ta Jakara an mayar da ita asibiti. Abin da ya saura shi ne sunaye a bakin direbobi. Matashin da ya je Wapa canjin dala ba lalle ya san sunan gidan sinima yake kira ba. Haka Eldorado a Kano, da Kwararafa a Jos, da Pen Cinema a Agege, inda yanzu gadar sama ce ke amsa sunan. Taron da sinima ke haɗawa kuma gidajen kallon ƙwallo ne suka gaje shi, fina-finan Hausa suka koma tashar Arewa24 da YouTube da wayar hannu.

Wannan ne ya sa sinimar cikin kanti ba ta maye gurbin ta da ba, duk da ta fi ta tsabta da tsaro, kuma mace na shiga da mijinta da 'ya'yanta. Tana unguwar masu hali, ana zuwa da mota, kuɗin iyali guda a dare ɗaya kuma na iya cinye wani kaso mai tsoka na albashin ƙaramin ma'aikaci. Mazauna Nyanya da Mararaba da Kubwa da Suleja, waɗanda su ne ke cika ofisoshin Abuja da safe, ba su ne ke cika kujerunta ba.

Batun adana tarihin nan ma bai samu mai ɗauka sosai ba. Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979 take da hedikwata a Jos, tana da ma'ajiyar fina-finai, tana kuma shirya bikin fina-finai na Zuma a Abuja. Labarin Shaihu Umar ya nuna abin da ake iya cetowa. Adamu Halilu ne ya shirya fim ɗin a 1976 daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano faifansa a wata tsohuwar ma'ajiyar hukumar. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Fim ɗaya ke nan. Na'urorin haska hoto, da allunan talla da aka zana da hannu, da tikiti, da hotunan gine-ginen kansu, suna warwatse a hannun iyalan masu gidajen, waɗanda suka sarrafa na'urorin kuma tsufa na cim musu.

Ƙoƙarin gwamnatin tarayya na gina dandalin shirya fina-finai a Kano a 2016 ya ci karo da adawar malamai, aka janye shi, abin da ke nuna tsohuwar tuhumar ba ta gushe ba. A Abuja kuwa, wurin da ya fi dacewa da ajiye irin waɗannan kayan tarihi shi ne Hasumiyar Millennium da cibiyar al'adun da ke haɗe da ita, a tsakanin Masallacin Ƙasa da Cocin Ƙasa. Manfredi Nicoletti, ɗan Italiyan da ya zana lambun Millennium, shi ne ya zana ta, da tsayin mita 170, kuma cikin tsarinta akwai gidan tarihi da zauren wasanni. An fara aikin a 2006, ya yi ta tsayawa saboda rashin kuɗi. Masu yawon buɗe ido kan rage gudun mota a gefenta su ɗauki hoto daga bayan shinge, sannan su wuce Jabi.