Zanen Barkwanci a Lokacin Zaɓe: Dariyar da Kan Kai Mutum Gidan Kaso

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Ƙonni da Illela, ko Maraɗi da Jibiya, ya san cewa idan kakar zaɓe ta kama, ba hotunan 'yan takara kaɗai ke tsallaka iyaka ba, har da zambo. A da bakin mawaƙa ne ke ɗauke da shi, tun zamanin NEPU da NPC. Yau kuwa mai zane ne ke ƙara wa ɗan takara tsawon hanci ko girman tumbi, wanda bai iya karatu ba ma ya duba ya fashe da dariya.

A Nijeriya masu zane sun samu abin yi a zaɓen 2015, domin alamun jam'iyyun kansu sun isa abin wasa: laimar PDP ta Goodluck Jonathan da tsintsiyar APC ta Muhammadu Buhari. Wannan ya zana laima tana yoyo, wancan ya zana tsintsiya ta kunce. Amma abin ya wuce wasa a watan Janairun shekarar, sa'ad da gwamnan Ekiti na lokacin, Ayo Fayose, ya sa aka buga wata talla a shafin farko na jaridu ɗauke da hotunan Murtala da Abacha da 'Yar'aduwa, waɗanda suka rasu bisa mulki, sai hoton Buhari da alamar tambaya. A ganinmu wannan ba barkwanci ba ne, fatan mutuwa ne.

Nan Nijar, jaridar zambo da aka fi sani ita ce Le Canard Déchaîné ta Yamai, kuma ta ɗanɗana kuɗarta. A 2002 aka yanke wa shugabanta Abdoulaye Tiémogo ɗaurin wata 8 bayan da faraministan lokacin, Hama Amadou, ya kai ƙara. Duniya juyi-juyi: a zaɓen 2016 shi Hama daga gidan kason Filinge ya yi takara. Magoya bayan Mahamadou Issoufou, wanda ake wa laƙabi da Zaki, sun yi ta cika bakin bugu ɗaya za su yi a gama, sai ga shi ya tsaya a kashi 48 cikin 100, dole aka je zagaye na biyu da ɗan kurkuku. Wane mai zane ne zai bar irin wannan ganima?

Ga inda abin ya shafe mu. Zanen ya bar takarda ya koma cikin waya, ana tura shi ta WhatsApp daga rumfa zuwa rumfa. Nijar ta soke ɗaurin 'yan jarida kan laifin ɓata suna a 2010, amma a watan Yunin 2024 gwamnatin soja ta maido da hukuncin ɗauri ga wanda ya ci mutuncin wani ta intanet. Wannan doka ba ta tsaya kan 'yan jarida ba, mai shago ma tana iya hawa kansa.

Tun juyin mulkin Yulin 2023 aka tsaida harkokin jam'iyyu a Nijar, aka kuma rushe su a 2025, don haka zanen kamfe da zai shigo kasuwanninmu daga tsallake zai fito, inda ake shirin zaɓen 2027. Wanda zai manna shi a ƙofar shago ya tuna cewa mai sayen wakensa daga Kano na iya zama ɗan jar hula, dillalin shanunsa kuma ɗan tsintsiya.